Tsakanin Gwiwoyin Mama

Mata ne baƙaƙen fata, masu sharar ofisoshin Brussels. Ba su da lauya, ba su da zauren taro, sai ɗakin wanki. Nan suke kitso suna tara sa hannu kan makarantar da ta kori wata yarinya saboda gashinta.

Yau korarriyar ce zaune tsakanin gwiwoyin Mama, ɗaya daga cikin matan, ana mata kitso. 'Yar Mama ta cika ta yi fam.

"Wurina ne!"

"Uwar kishi, kan naki guduwa zai yi?" in ji Mama.

Baƙuwar yarinyar, wadda ta tashi a hannun Turawa, ta ɗago ta dubi 'yar Mama. "Kullum take miki haka?"

"Duk Asabar."

Baƙuwar ta sunkuyar da kai.

Nan 'yar Mama ta gane: ashe ita kanta ce abar kishin.