Hannun Dama na Alhaji Hashim

Mutumin da ya fara shigo da wasan wurga hannu gaban talabijin a layin 'yan goro na unguwar Poumpoumré a Garwa ba wani saurayi ba ne. Sadiƙa ce, 'yar Alhaji Hashim, kuma ta yi haka ne a daminar 2022, wata guda bayan hawan jini ya kayar da mahaifinta ya shanye masa hannun dama. A riƙe wannan da kyau, domin yanzu gidaje uku ne ke da'awar su suka fara.

Alhaji Hashim dattijo ne mai shekara sittin da takwas, jikan fataken da suka sauka Garwa da goro tun zamanin jakuna. Shekara talatin bai taɓa fashin ciyayya ba: bayan azahar kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar masallaci, a haɗu a ci tare. Tun da ciwon ya same shi ya daina fita, domin ba zai sa hannun hagu a kwanon jama'a ba. Burinsa ɗaya ne a duniya, hannun nan ya koma kwano.

Fulbert, likitan motsa gaɓoɓi da mutanen gari ke kira kine, shi ya ba da shawarar wasan. Ya ce hannun yana buƙatar motsi kullum, kuma ya lura atisayen asibiti yana gundurar Alhaji.

"Maɓalli ɗaya ne, Alhaji," in ji Fulbert. "Ka riƙe ɗan abin nan mai kama da rimot, ka wurga hannu, ƙwallo ta gangara cikin talabijin ta kayar da kwalabe goma. A zaune ma ana yi."

Alhaji ya gyara zaman hularsa da hagu. "Malam Fulbert, a zuriyarmu wa ya taɓa yi? Kakana ya karye a Yola, bai yi rawa gaban kowa ba. Mahaifina ya yi sanyin ƙashi shekara tara, ba a taɓa ganinsa yana jifan iska ba."

"Ai lokacinsu babu talabijin, Alhaji."

"To, ka ga hujja ta ƙara ƙarfi."

Sai yayarsa Hadje, mai shekara tamanin, wadda gwiwoyinta suka daɗe da yin murabus, ta ce a miƙo mata ta gani. Jifan farko abin ya suɓuce ya sami butar shayi. Aka ɗaura mata igiyarsa a wuyan hannu. Kafin mako ya zagayo babu mai iya ja da ita a gidan. Cécile maƙwabciyarsu, wadda ke kan keken guragu tun tana yarinya, ta shiga zuwa kullum da hantsi, har ta riƙa barin wake a wuta.

Daga ɗakinsa Alhaji yana jin ihun Hadje: "Goma cif! Cécile, je ki kira wanda ya fi ki!" Shi kuwa ya cusa hannun cikin riga ya yi tsaki, yana faɗin tsufa ya lalace a zamanin nan.

Duk zuwan Fulbert tambayarsa ɗaya ce: "An motsa hannu yau?"

"An motsa."

"Sau nawa?"

"A zuci, ba adadi."

Wata biyar suka wuce a haka. Ranar sunan jikansa, Alhaji ya yanke cewa hannun ya huta ya ishe shi. Ya sa babbar rigarsa ta shadda fara, ya fito, abokai suka yi ta murna suna buɗa masa wuri. Aka buɗe tuwon shinkafa da miyar kuka. Ya yi bisimilla ya kai hannu. Yatsun suka ƙi rufuwa. Da ƙyar ya kwarfo loma da gefen tafi, ya ɗago, gwiwar hannun ta tsaya cik a daidai ƙirji. Lomar ta yi ɗan jinkiri, sannan ta gangara bisa aikin rigar, miya na bin ta har aljihu.

Babu wanda ya yi dariya. Liman ya tsura wa sama ido kamar yana neman wata da rana tsaka, sauran suka duƙufa kan tuwo. Wannan shirun ya fi dariya ciwo.

Washegari Fulbert ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Alhaji, gaɓoɓin sun sandare. Wasu za su dawo in ka yi aiki. Wasu sun riga sun tafi."

Da hantsi Alhaji ya shiga falo, ya yi gyaran murya sau biyu. "Yaya, a ɗan ara mini abin nan."

Hadje ba ta ko waiwayo ba. "Bi layi, Hashimu. Cécile ce a gabanka."

Ga abin da shekara guda ta wasa da atisaye ta tara masa. Yatsu uku sun dawo. Gwiwar hannu tana kaiwa baki. Ya koma ciyayya, amma da cokali, shi kaɗai cikin dattawa goma sha ɗaya. Ya yi galaba a kan Hadje a wasan sau biyu, ko da yake ta ce duka biyun atishawa ce ta kama ta. Yatsu biyu kuwa suna nan a dunƙule, kuma Fulbert ya ce haka za su zauna.

Ya ku masu karatu, wasan da zai motsa jikin mara lafiya ba na yara ba ne kaɗai, na tsoho ne da gurgu da duk mai numfashi. Wanda ya ƙi abin da likita ya ce don tsoron kada a gan shi yana wasa, girman nasa ba zai miƙe masa yatsa ko ɗaya ba.