Akushin Ɗanyen Icce

Ruwan ne ya fara ɗaukar idona. Injin Baba yana juya gungumen maɗaci a zaure, ɗigon ruwa yana fallatsar masa a riga kamar hawaye.

Iskar damina ce ta kayar da bishiyar a Ƙofar Jatau, Baba ya turo guntunta a baro har gida Kusfa. Mahaifiyarsa tana kwance ba lafiya. Tun da akushinta ya fashe ta ƙi cin tuwo, wai kwanon ƙarfe ƙarni yake mata.

Na ce, "Baba, ba kai ka ce ɗanyen icce tsagewa yake ba?"

"Sai ya shekara a inuwa, uwata."

"To a jira mana."

Ya kashe injin, ya daɗe yana duban hanyar ɗakinta, sannan ya sake kunnawa. Ni kuwa na tsaya riƙe da bakin zanena.

Kwana tara kakata ta yi tana cin tuwo a sabon akushin, ta rasu. Akushin ya tsage bayan sadakar arba'in.

Yanzu Baba ba ya gani. Tsagaggen akushin yana gefen shimfiɗarsa, da lalube yake ajiye carbinsa a ciki.