Zabuwar Jannatu

Namadi dai mutum ne mai hannu. A ƙauyensu da ke can bayan Kebbe, in tsohon gwangwani ya shiga hannunsa sai ya fito fitila. Yana da ɗan lambu a bayan gida, albasa da tumatir da sure, yana kuma da 'ya guda ɗaya tal, Jannatu, mai shekara huɗu. Duk yamma in ya fita ban ruwa tana biye da shi da kofin silba, ta kwara wa shuka ruwa har saiwa ta fito. Ya yi ta dariya yana cewa wannan ma'aikaciya sai ta ƙarar masa da albasa.

Ran nan ya ce bari ya yi mata abin ban ruwa nata na kanta. Ya lalubo wata 'yar jarka a rumbu, wadda ya gama feshin wake da maganin ƙwarin da ke cikinta.

Matarsa Rauda ta sunsuna ta kawar da kai. "Malam, abin ga wari shikai."

Ya ce ai ya ɗauraye da omo har sau biyu, kuma shuka za a ba, ba mutum ba. Ita ma ba ta ja ba. To, me za ta ce? Rabin gidajen garin da irin jarkar suke zagayawa bayan gida, wasu har man gyaɗa suke zubawa.

Kai, ku zo ku ga aiki. Ya huda gefen jarkar ya cusa guntun tiyo ya zama wuya. Ya gasa ƙusa a wuta ya yi wa wani murfi ƙananan huji, ya ɗaura a bakin tiyon ya zama kai. Ya shafe jikin kaf da fenti ruwan toka, har takardar da ke manne, mai jan layi da hoton ƙoƙon kan mutum, wai bai kamata yarinya ta riƙa kallon wannan mummunan abu ba. Sannan ya ɗiɗɗiga farin fenti da tsinken tsintsiya. Sai ga zabuwa sak.

Jannatu ta rungume ta. Tare suke wuni, tana yi mata kukan zabi.

Rana ta uku aka bar Zabuwa cike da ruwa a rana tun safe. Da azahar ƙishi ya kama yarinya, randa ta yi mata tsawo, uwar tana daka. Ta kafa baki a kan Zabuwarta ta sha.

Kafin la'asar tana amai, yawu na dalala, jiki na rawa. Namadi ya saɓa ta, maƙwabcinsa Dogo mai kabu-kabu ya ɗauke su. Hanyar nan kun san ta. Sau uku babur na nutsewa cikin yashi, Namadi na tsaye da 'ya a kafaɗa, ba gaba ba baya. A asibitin Kebbe aka ce sai an kai ta na Tambuwal.

Can ma'aikaciyar jinya ta fara ba ta taimako, ta juyo ta tambaye shi sunan maganin, ta ce sun kasu iri-iri, kowanne da yadda ake tunkararsa. Namadi bai sani ba. A kasuwa ya saya, “na wake” kawai ya ce aka miƙo masa.

"To ina jarkar, Malam? Sunan na nan jikinta."

Jarka na gida. Dogo ya juya. Namadi ya zauna a dakalin asibiti, ba ya iya shiga ya ga yadda take numfashi, ba ya iya tashi ya bar ƙofar. Duk babur da ya tsaya sai ya miƙe.

Da Dogo ya dawo ya ajiye Zabuwa a gaban ma'aikaciyar, ta jujjuya ta, ta dubi Namadi. Ya karɓi reza ya durƙusa yana kankarewa. Fentin ya kama da kyau, ai shi ya shafa, har shafi biyu. Duk inda ya kankare, takardar ke biyo fentin.

"Ni na rufe shi," yake ta faɗi a hankali. "Da hannuna na rufe shi."

Yana cikin kankarar aka fito aka dafa kafaɗarsa, aka ce sai haƙuri, Jannatu ta rasu.

Lambun ya bushe a shekarar nan. Rauda ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, shi kuwa ya ce da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

'Ya'yana, jarkar maganin feshi ba ta wankuwa, ko da omo ko da toka. In maganin ya ƙare a huda ta, a binne ta nesa da rijiya da yara. Kada ta zama buta, kada ta zama abin wasa, kuma kada a rufe rubutun da ke jikinta.