Kunnen Malam Sanyi

Kullum a bakin ƙofar kamfani Malam Sanyi yake tsayawa, ya yi kamar yana gyara hula, ya zare 'yar na'urar ƙara ji da likita ya saƙala masa bana a bayan kunne, ya naɗe ta a hankici, ya tura aljihu don kada a gani. Yau ma ya tsaya, ya kai hannu. Sai ya sauke hannun haka nan, ya shige.

Abu na farko da ya gano shi ne, ashe mai gadi ba gaishe shi yake yi da safe ba, bin waƙar rediyonsa yake yi. Malam Sanyi ya daɗe yana amsa masa da "Lafiya lau."

Jinsa ya fara raguwa ne tun yana aiki a ɗakin ajiyar kaya, inda ake jibge firji da fankoki da dutsen guga. Kunnen hagu ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali. Bai gaya wa kowa ba. Yana da 'ya'ya a makaranta, kuma da idonsa ya ga yadda aka sallami wani direba da ganinsa ya yi rauni. Ana cikin haka aka ɗauke shi daga ɗakin ajiya, aka ba shi ofis nasa shi kaɗai a ƙarshen baranda, har da ƙarin albashi. Ya yi godiya, ya ƙara kama bakinsa.

Ya koyi zama da abin. In mutum ya zauna a gabansa, sai ya zuba masa ido, ya ɗan karkata kai. In bakin mutumin ya tsaya, ya ce, "Haka ne." In ya daɗe a tsaye, ya ce, "Za a duba." Da waɗannan biyun ya ci shekaru. Gefen teburinsa na wajen baƙo ya lotsa, kafinta ya gyara, ya sake lotsawa. Ba a taɓa ganin ransa ya ɓaci ba, har sunan Sanyi ya danne nasa na gaskiya.

Makon jiya ya ga sanarwa a allon kamfani. Za a karrama shi a taron ƙarshen shekara, sannan ya tsaya gaban sababbin ma'aikata ya koya musu sirrin aikinsa. Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

"Baban yara, me za ka koya musu?" in ji matarsa. "Gyaɗa kai?"

"Shi ma aiki ne."

"Ka je ka faɗa musu gaskiya. In sun kore ka, ka dawo gida. Ni ma ina da maganganun shekaru da ban tabbatar sun shiga ba."

Ga shi yanzu yana tafiya a baranda, duniya tana zuba masa a kunne. Fankar sama tana kuka. Takalminsa na dama yana ƙara a daɓen barandar, bai san tun yaushe ba. Da ya doshi ofishinsa ya tarar da bencin ƙofa a cike kamar kullum, sai dai bai taɓa sanin haka suke da murya ba. Wata mata riƙe da butar lantarki tana ambaton kakan wani. Malam Sanyi ya sunkuyar da kai, ya wuce ƙofarsa, ya hau bene.

Manaja yana nan, tsohon da ya sa hannu aka ba shi ofis ɗin. Ya nuna masa kujera. Malam Sanyi bai zauna ba, don ya san in ya zauna kansa zai karkata da kansa.

"Ranka ya daɗe, ba zan karɓi lambar yabon nan ba," ya ce. Muryarsa ta ba shi mamaki, ashe da ƙarfi yake magana. "Ni ba na ji. Tun ina ɗakin ajiya. Duk wanda ya zauna a gabana, bakinsa kawai nake gani. Haƙurin da ake faɗa ba nawa ba ne." Ya juya kai, ya nuna na'urar. "Wannan ne ni. In da aiki a haka, ina so. In babu, na gode."

Ya tuna ƙaramar 'yarsa da saura mata shekara ta gama makaranta.

Manaja ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Yanzu kana jina?"

"Ina ji, ranka ya daɗe."

"To madalla, yau maƙogwarona zai huta. Kafin kai, mutum uku na zaunar a ofishin naka. Na farko bai cika wata ba. Na biyu ya mari wani dattijo. Na uku har yau yana shan maganin hawan jini. Ina cikin wannan damuwa na leƙa ta tagar nan, na ga babbar mota tana danna maka oda a bayanka, kai kuwa kana ta ƙirga fankokinka hankali kwance."

Malam Sanyi ya buɗe baki. Ba "Haka ne" ba "Za a duba."

"Lambar yabo taka ce, ka zo ka karɓa," in ji Manaja, yana jawo takardun gabansa. "Amma ka cire abin nan kafin ka sauka. Kana tsammanin da gangan zan ɗauki mai lafiyayyen kunne in kai shi ofishin sauraren ƙorafin kwastomomi?"