Sandar da Ta Biyo Saminu

Ƙwas, ƙwas, ƙwas! Wani abu ke bugun ƙofar Saminu bayan Isha'i, kamar kaza na tsattsagar kwano.

Saminu ɗan riƙo ne. Sai da ya yi furfura ya duba takardunsa a gidan marayu, ya gano mahaifiyarsa, Hajja Ƙaltume, a unguwar Aziziyya. Ya yi ta kai mata dabinon gonakin Awali, ita kuwa da ta gan shi sai ta rufe fuska, ko sunansa ba ta kamawa. Jikarta Hanan ta ɗauka takura wa tsohuwar yake yi, ta kai ƙara wurin shurɗa, wato 'yan sanda. Aka sa shi ya sa hannu: in ya sake kusantar tsohuwar, sai kurkuku.

Ya leƙa. Tsohuwar ce da sandarta!

Ya haura katanga, ya faɗa kan akuyar maƙwabcinsa Balarabe yana ihu, "Ku shaida, ban kusance ta ba!"

Balarabe ya fito. Tsohuwa ta kau da kai ta ce masa, "Malam, gaya wa wancan ya dawo. Ɗan fari ne, kunyarsa nake ji, yaran yanzu ba su san alkunya ba. Ina dabinona?"

Balarabe ya dubi uwa, ya dubi ɗa.

"To yanzu, fisabilillahi, wa za a ɗaure?"