Awarwaro a Hannun Amarya

Fentin bai gama bushewa ba aka kai zanen amarya Bushira gidansu. Ga ta nan cikin leshi ruwan zuma, hannu bisa hannu, har ɗan tabon haɓarta ya fito.

Duk Haɗeja an san halin Baba Fannami mai zane: abin da idonsa bai gani ba, burushinsa ba ya taɓawa. Wani dillalin kifi ya taɓa roƙonsa ya cike masa giɓi, ya ce masa ya nemi likitan haƙori. Ba ya kuma aiki da hoton waya, sai mutum ya zauna a gabansa.

Bushira fuska kawai ta samu ta zauna masa, hidimar biki ta sha kanta. Aminiyarta Adila, da yake jikinsu ɗaya, ita ta riƙa sa leshin tana zama a madadinta. Ango Misbahu ke kai ta a adaidaita, ya jira a waje, ya dawo da ita, bai taɓa cewa ya gaji ba. Bushira har tsokanarsa take, wai ko shinkafarsa ta fadama ba ta ga irin wannan zarya ba.

Ranar da aka kawo zanen, 'yan mata na ta guɗa, Adila na gefe, hannuwa cikin hijabi, sai idon Bushira ya sauka a wuyan hannun zanen. Awarwaron azurfa ne mai kan kifi. Ta san labarinsa a bakin Misbahu: na marigayiya mahaifiyarsa ne, ya kuma rantse ba mai sa shi sai wadda ta mallaki zuciyarsa. Da aka sa musu rana, ya ce ambaliyar da aka yi a garin Guri ta tafi da shi. Ita ce ma ta riƙa ba shi haƙuri.

Daɗi ya sa ta hawaye. Wato Misbahu kwatanta wa mai zane ya yi, don ta samu ko a fenti ne. Washegari ta saci jiki ta tafi shagon Baba Fannami.

"Baba, na gode da ka karya dokarka saboda ni. Awarwaron nan ya fi mini komai."

Tsohon bai ɗago daga wankin burushi ba.

"Wace doka na karya, 'yata? A hannun ƙawarki na gan shi. Na tambaye ta ko naki ta ara, ta ce a'a, nata ne, Misbahu ya ba ta."