Saiwa ta Bakwai

Sha'aibu, tunda ka rantse ko ƙaninka ba zai san inda ka ɓoye takardun gonarku ba, gyara zama in ba ka misalin wani mai maganin gargajiya. Ba zan kama sunansa ba, don yana nan da ransa.

Tsohon nan gadon magani ya yi wurin ubansa, an bar masa shi rubuce da ajami, takardu cike da adaka. Da gara ta fara lasar gefensu, sai 'yarsa da ke aikin jinya a birni ta kawo masa kwamfuta irin ta tebur, ta haɗa masa da intanet don ya riƙa ganin jikoki. Shekara uku yana rufe ƙofa yana tsintar haruffa da yatsa ɗaya kamar kaza a kan tsaba, har ya juye komai a ciki. Ranar da ya gama, ya tara takardun a tsakar gida ya ƙyasta musu ashana, wai sirri ba ya kwana a gida biyu. 'Yar nan ita zai bar wa ilimin, amma a cewarsa sai ya ji alamar tafiya ta zo tukuna. To ita kwamfuta ba ta san girman furfura ba. Bini-bini sai ta ce za ta sabunta kanta. Ya ce a'a, gobe ta sake tambaya, jibi ta daina tambayar ma, ta faki idonsa ta yi abinta, ya dawo ya tarar an sauya wa komai mazauni. Shi kuwa hukuncinsa gajere ne: wanda ya iya shigowa ya taɓa, ya iya ɗauka ya fita. Ni ma ban ga laifinsa a nan ba, abin yana ƙona min rai. 'Yar ta ba shi lambar masu taimako na kamfanin, ya kira. Aka ce ya danna ɗaya, ya danna uku, aka saka masa kiɗa har kunnensa ya yi zafi, sannan wata murya mai ladabi ta nemi izinin leƙa cikin na'urar daga can inda take. Ya katse wayar yana gyaɗa kai, zarginsa ya samu gindin zama.

Wata rana da hantsi ya shigo ya ga ta rubuta masa cewa tana aiki, kada a kashe ta, ga lambobi suna hawa, ashirin, talatin, arba'in. A ganinsa magungunansa ake aunawa ana fita da su, don haka ya fizge wayar wutarta daga soket. Tun daga nan ba ta ƙara tashi ba. Kafin ya kai ta gyara sai da ya ari jan farcen matarsa ya ɗiga wa kowane noti, kamar yadda yake yi wa rediyo, kada a musanya masa kaya. Ya naɗe ta a darduma ya nufi kasuwa. Mai gyara na farko ya duba ya ce, “Baba, bari in fara kwafe abin da ke ciki zuwa tawa, don gyaran nan yana iya wanke komai.” Tsoho ya ji abin da dama ya zo ji. Ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo da hannu dumu-dumu, ya naɗe kayansa ya yi gaba. Na biyun bai tambaye shi komai ba, ko kallon kirki bai yi masa ba, kuma wannan ne ya kwanta masa a rai. Ya ja benci ya zauna, idonsa ƙyar a kan hannun mai gyara, ko ruwa bai tashi sha ba. Kafin la'asar kwamfuta ta tashi fes. Ya ƙirga notocinsa takwas, kowanne da jan ɗigonsa, ya koma gida yana yabon wayonsa. A gida ya buɗe, ya tarar da ita wayam. Ba wanda ya sace masa komai, an dai wanke ne a gaban idonsa, yana can yana gadin noti. Ya koma wurin na farkon kai a ƙasa, bawan Allah ya kwana biyu yana tono, hotunan jikoki uku kawai ya ceto.

Bayan mako guda wata mata ta yi sallama da goyo, idon jaririn ya yi rawaya da ciwon shawara, ta ce tun kakarta a gidan nan ake karɓar magani. Saiwa bakwai ake haɗawa. Ya lissafa shida a yatsunsa, ya tsaya. Ya sake somawa daga farko, ya sake tsayawa a shida. Mutum ne mai tsoron Allah, ba zai yi cinta da ran ɗan mutane ba, sai ya ce ta garzaya asibiti. Da ta fita ya zauna a ƙofar ɗaki yana duban wurin da ya ƙona takardun ubansa, kuma wallahi ranar na tausaya masa. Har yau in 'yar ta zo ta ce ya fara koya mata, shida yake ba ta.

Kai dai ka ci gaba da ɓoyo, Sha'aibu, ni ban hana ka ba. Amma ka tuna abin da Hausawa suka ce: an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.